Zuwa Ga Mamana, Kan Giɓin Da Kika Gani A Hujjata

Tudun Wada, Zariya.

Mamana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki da gajiyar hanya, ina fatan kin sauka lafiya, kin sami masauki mai kyau da maƙwabtan kirki. Allah ya tsare ki a inda kike, ya kare ki daga sharrin abin da kike gani da wanda ba kya gani, ya sa ki gama abin da ya kai ki cikin nasara.

Na ba mahaifiyarki wannan takarda ta saka miki a jaka, na ce ta gaya miki kada ki buɗe sai kin huta. Sunan mahaifiyata gare ki, kuma kin sani akwai maganar da ba ta iya fitowa daga bakina in kina zaune a gabana. Ba labarin gida zan ba ki ba, ƙannenki za su cika miki waya da shi. Kin tafi yin digiri na uku a fannin da na ƙarar da ƙuruciyata a cikinsa, kuma na yi kurakurai a ciki waɗanda duk wanda ya daɗe a sashenmu na lissafi ya san su. Gara ki ji su daga wurina, tare da abin da na ɗauka a cikinsu.

Kin san matsalar da nake aiki a kanta, amma bari in faɗe ta yadda na faɗa wa kakarki ranar da ta tambaye ni abin da nake yi har abinci yake hucewa a gabana. Na ce mata akwai wani irin ƙarfe da in ya huce, ƙwayoyin cikinsa ba sa son tsayuwa a miƙe, sai dai su karkata dama ko su karkata hagu. Idan aka riƙe sandar ƙarfen yadda ba za ta iya karkata gefe guda gaba ɗayanta ba, sai cikinta ya rabu ratsi-ratsi, wannan ya yi dama, na kusa da shi ya yi hagu. Kowace juyawa daga dama zuwa hagu tana cin makamashi, domin a irin wannan ƙarfe ba karkatar kaɗai ake lissafawa ba, har da saurin da take canzawa. Saboda haka ratsi ƙanana barkatai ba su da sauƙi ga ƙarfen. Manyan ratsi masu faɗi su ma ba su da sauƙi, domin suna janye shi nesa da inda aka riƙe shi. Shi kuwa ƙarfen tsarin da zai ci mafi ƙarancin makamashi yake nema. In aka duba da madubin ƙara girma, sai a ga ratsin sun jeru, faɗinsu ɗaya, suna maimaita kansu. Aikina shi ne in kawo hujjar lissafi cewa dole haka za su jeru, ba wata hanya.

Kakarki ta ce, “To tunda ana ganinsu da ido, me ya rage?”

Na ce saura dalili. Ta ce Allah ya ba da sa'a, ta turo mini kwanon tuwo.

Kuskurena na farko shi ne ɓoyo. Lokacin da aka ɗauke ni koyarwa, ofis ɗaya aka ba mu da Dakta Obinna, wanda kuke ce wa Baba Obi. Haifaffen Tudun Wada ne, mahaifinsa yana da shagon rodi da kwanon rufi a bakin titi, kuma tare muka yi firamare. Teburinsa yana kallon nawa. Duk sanda ya shigo sai in kife takarduna. Ba don ya taɓa yi mini wani abu ba. Na dai sa wa raina cewa abin da nake riƙe da shi babba ne, kuma in wani ya gani zai riga ni.

Wata rana ya ce, “Malam Ashiru, ba zan cinye maka takarda ba. In ka juya ta wataƙila ma in taimaka.”

Na ce masa ba ta nuna ba tukuna.

Haka na shafe shekaru ina gina kashin farko na aikin ni kaɗai, wato nuna cewa tsarin da ya fi kowane ƙarancin makamashi akwai shi, kafin a zo maganar kamanninsa. Da na gama, farin ciki ya sa na nuna masa. Ya karanta shafin farko da na biyu, ya miƙe ya fita. Bayan azahar ya dawo daga ɗakin karatu da wata tsohuwar mujalla, ya buɗe ya ajiye a gabana. An riga an yi abin tun ina makarantar sakandare, kuma hanyarsu ta fi tawa gajarta. Ya ce shi ya san da ita tun yana ɗalibi. Da na juya masa takardar ranar da ya roƙa, da ya gaya mini a zaune.

Don haka, Mamana, ki nuna aikinki tun yana ɗanye. Ki nuna wa malamar da za ta duba ki, ki nuna wa ɗaliban da kuke ofis ɗaya. Satar aiki tana faruwa, ban ce ba ta faruwa ba, amma a iya zamana a jami'a, waɗanda ɓoyo ya kassara sun fi waɗanda aka yi wa sata yawa. Kuma kafin ki fara gina komai, ki tambayi wanda ya riga ki ko an taɓa ginawa. Tambayar ba ta rage miki daraja.

Na biyu ya fi na farko zafi. Da sashenmu ya sami kwamfutoci, na rubuta wani shiri da ke ɗaukar tsarin ratsi kowane iri, ya yi ta gyara shi kaɗan-kaɗan yana rage makamashinsa har ya tsaya. Kusan duk inda na fara, sai ya ƙare da ratsi masu faɗi ɗaya. Na buga hotunan, na ga sun yi kyau, na haɗa su da ɗan lissafin da ke nuna cewa in ka taɓa wannan tsari kaɗan, makamashinsa ƙaruwa yake yi. Na nemi a ba ni rana in gabatar a gaban malaman sashe, na kuma sa wa jawabin suna mai nauyi, kamar an gama magana.

Akwai wani dattijon farfesa a lokacin, Allah ya ji ƙansa, wanda yake zama a kujerar baya yana lumshe ido kamar mai gyangyaɗi. Da na gama ya ɗaga hannu.

Ya ce, “Ashiru, ka nuna mana dutsenka ya gangara ya faɗa rami ya zauna, kuma in an ɗan taɓa shi yana komawa. Na yarda. Ina ka nuna mana babu wani rami a gaba da ya fi wannan zurfi?”

Amsar gaskiya ita ce ban nuna ba. Maimakon in faɗi haka, sai na ƙara ɗauko hotuna. Ya ce hotunan sun yi kyau, amma tambayarsa tana nan. Na juya wajen Obinna ina neman ya kama mini. Ya dube ni, ya ce, “Gaskiyar Farfesa ce. Abin da ka samu mafi ƙaranci ne a tsakanin maƙwabtansa, ba a tsakanin duka ba.”

Ki riƙe wannan a aikinki. Kwamfuta tana nuna miki inda za ki haƙa, ba ta haƙa miki. Kuma duk ranar da aka yi miki tambayar da ba ki da amsarta, ki ce ba ki sani ba, za ki duba. Da na faɗi haka, da an tashi taron an manta. Abin da mutane suka riƙe shi ne yadda na yi ta jayayya da hotuna a hannu.

Ban yi fushi da farfesan ba, domin ya girme ni. Obinna na ɗora wa laifin. Na nemi a canza mini ofis, aka canza. Na daina bin titin shagon mahaifinsa, in zan fita sai in zagaya ta Gyallesu ko da hanyar ta fi nisa. In muka haɗu a taron sashe, gaisuwa ce ta fatar baki. Ya zo gidan nan sau ɗaya, kina goye a lokacin, na sa aka ce masa ba na nan alhali babur ɗina yana jingine a zaure. Mun kai shekara biyu a haka.

Mahaifiyarki ce ta kawo ƙarshen abin. Ta dawo daga kasuwa ta ce ta ga shagon a rufe, mutane sun taru, tsohon ya rasu. Na ce Allah sarki, na ci gaba da abin da nake yi. Ta tsaya a kaina.

Ta ce, “Malam, mutumin nan shi ya ba mu kwanon da ke kanmu, ya ce mu biya sanda muka samu. Ɗansa kuma bai zage ka ba, cewa ya yi lissafinka bai cika ba. Ya cika?”

Na ce bai cika ba.

Ta ce, “To ga rigarka.”

Na tarar da Obinna a tsakar gidansu cikin 'yan uwansa da suka zo daga kudu. Da ya gan ni ya taso, ya kama hannuna da hannu biyu, ya kai ni wurin mahaifiyarsa ya ce ga Ashiru ya zo. Bai yi maganar abin da ya wuce ba, ni ma ban yi ba. Bayan sun dawo daga kai gawar garinsu, na shiga ofishinsa da takarduna a buɗe, na ajiye a teburinsa. Ya ce ya yi ta tunanin tambayar farfesan tun ranar, kuma yana ganin akwai hanya. Idan aka kawo kowane tsari, ko yaya ratsinsa suka sha bamban, sai mu yanka shi gunduwa-gunduwa, mu zaɓi gunduwar da ta fi sauƙin makamashi, mu jera irinta a kai a kai. Abin da zai fito tsari ne mai maimaita kansa, kuma bai fi na asalin cin makamashi ba. Ashe ke nan babu wani tsari da zai doke mai maimaituwa.

A kan wannan muka yi aiki tare har ya zama takardar da kika sani, mai ɗauke da sunana da nasa. Ita ce ta kai ni matsayin da nake, ita ce ake kirana taro saboda ita. Shawarata a nan gajeriya ce. Wanda ya nuna miki kuskurenki a aiki ya yi miki hidima, ko da ya yi ta a gaban jama'a, ko da bakinsa ba daɗi. Ki ba kanki kwana ɗaya ki ji haushi, washegari ki je ki same shi da alli a hannu.

Akwai kuma na gida, wanda mahaifiyarki take ba baƙi labarinsa tana dariya, amma ranar ba ta yi dariya ba. Tana da tsohon cikin ƙaninki Sadiƙu, na kai ta awo asibiti da safe na ce zan dawo in ɗauke ta. Na shiga ofis, wani mataki da ya daɗe yana ba mu wahala ya fara buɗewa. Ban tuna da ita ba sai da aka kira la'asar. Da na isa ta tafi. Ta tako da ƙafa har gida cikin rana, domin ba ta fito da kuɗin mota ba. Na shigo ina ba da haƙuri ina bayanin abin da ya riƙe ni. Ta bar ni na gama, sannan ta ce, “Ƙarfen nan naka, in ka bar shi zuwa gobe, guduwa zai yi?”

Ba ya gudu, Mamana. Na gwada daga baya, kullum ina tarar da shi inda na bar shi. Ke ma irin kaina gare ki, na sha ganin ana yi miki magana kina kallon bango. A can ba mai tsayawa a kanki ya ce ki ci abinci. Ki sa wa aikin lokacin tashi. Ki kira mahaifiyarki ko ba ki da abin faɗa, ba ta nuna miki ba amma tafiyarki ta taɓa ta. In kin yi wa mutum alkawarin lokaci, ki cika, ko da hujja tana tsakiyar buɗewa.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami.

Kin tuna yammar da muke tsaye gaban allon zaure, makonni kaɗan kafin tafiyarki, ina bi da ke ta cikin takardarmu domin ki je da ita a kanki. Da muka zo wurin yankawa da jerawa, kin ce, “Baba, a nan inda aka haɗa gunduwa da gunduwa, an nuna bakinsu ya haɗu. Karkatarsu fa?” Na ce wannan a bayyane yake. Kika kalli allon, kika kalle ni, sannan kika ce, “To wataƙila ni ce ban gane ba.” Kika ajiye allin kika ce za ki taya mahaifiyarki girki.

Kin gane. Na ga fuskarki, na kuma san ba ranar kika fara gani ba.

Na zauna da abin bayan kin shiga ciki, na kuma ci gaba da zama da shi kwanaki. Kina da gaskiya. A kayan da lissafinsu ya tsaya a kan karkata kaɗai, in ka yanka ka haɗa, ya isa bakin biyu su haɗu. A namu kuwa, da yake ana lissafa saurin canjin karkatar, dole karkatar ma ta zo ɗaya a wurin haɗin. In ba ta zo ɗaya ba, an sami karaya a wurin, kuma gyaran karayar yana cin makamashin da ba mu saka a lissafi ba. Mun nuna haɗuwar baki, muka ɗauka ɗayan ya biyo baya. A wasu gunduwoyin yana biyowa, a wasu ba mu da dalilin cewa haka. Ni ban gani ba, Obinna bai gani ba, waɗanda mujallar ta ba su dubawa ba su gani ba. Ina kyautata zaton sakamakon gaskiya ne, amma hujjarmu ba ta kai gare shi ba.

Na kira Baba Obi a waya, yana garinsu tun da ya yi ritaya. Na karanta masa matakin, na faɗa masa tambayarki. Can ya ce, “Wa ya gani?” Na ce Hauwa'u. Ya ce, “Wadda na tarar a goye ranar da ba ka nan?” Na ce ita. Ya yi dariya har tari ya kama shi, sannan ya ce in gaya miki kada ki kuskura ki rufa mana asiri.

Na san abin da ya sa kika ajiye allin. Tarbiyyar da muka ba ki ce, kuma a ko'ina ina alfahari da ita, ban da gaban allo. Ki duba abin da shirunki zai jawo. Malamar da za ta duba aikinki ta san takardar, ta ambace ta a saƙon da ta karɓe ki da shi, kuma mai yiwuwa a kanta za ta ce ki ɗora naki. In kika ɗora kina sane da giɓin, kin gina shekarunki a kan abin da kika san ba ya tsaye, kuma ranar da wani ya gano, ke za a tambaya, ba ni ba. In kuma kika kauce kika bi wata hanya ba ki faɗi dalili ba, wani ɗalibi a wani wuri zai faɗa ciki.

Ga abin da nake so ki yi. A zamanku na farko da malamar, ki gaya mata akwai giɓi a matakin haɗawa, ki nuna mata a allo yadda kika so nuna mini. Kada ki fara da ba da haƙuri, kada ki ce wataƙila ke ce ba ki gane ba. Ni da Obinna za mu rubuta wa mujallar mu sanar da su, kuma za mu faɗi sunan wadda ta gano. Wannan namu ne, mun riga mun fara. Cike giɓin kuwa, in yana cikuwa, aikin mai ƙuruciya ne. In kin cike shi, ki buga da sunanki, ki rubuta a fili cewa hujjar farko ba ta cika ba, kamar yadda za ki rubuta a kan takardar mutumin da ba ki taɓa gani ba. In kuma kika tarar sakamakon kansa ba gaskiya ba ne, akwai wani tsari marar maimaituwa da ya fi sauƙi, to wannan ya fi girma, kuma shi ma ki buga.

Ba zan ce miki abin bai dame ni ba. Na yi kwanaki ba na jin daɗin abinci, kuma akwai waɗanda za su ji daɗin labarin a sashe, na san su. Amma na taɓa tsayawa a gaban jama'a ina kare abin da bai cika ba, na san ɗanɗanonsa, ba zan sake ba da furfura a kaina. Balle a ce 'yata ce za ta riƙa kare mini shi da shirunta.

Abu ɗaya kuma. Wannan matsala tawa ce, ba gado ba ce da aka ɗora miki. In kin je kin ga wata ta fi kama hankalinki, ki faɗi giɓin, ki wuce abinki. Ba zan ji komai ba.

Ki riƙe sallarki a kan lokaci ko da agogon can ya rikita ki. Ki nemi abokan zama masu kamun kai, kowane addini suke bi. In sanyi ya shigo ki sayi rigar kirki, kada ki yi ƙwauron kanki. In wani abu ya dame ki, ko na karatu ko wanda ba na karatu ba, ki faɗa mana tun yana ƙarami.

Mahaifiyarki tana gaishe ki, da Sadiƙu da sauran ƙannenki. Baba Obi ya ce a gaishe ki da kyau. Allah ya yi miki albarka, ya buɗa miki abin da ya rufe mana, ya tsare mutuncinki da lafiyarki, ya dawo mana da ke lafiya muna raye.

In kun zauna da malamar, ki kira ni ki gaya mini yadda kuka yi. Ina so in ji daga bakinki, kuma wannan karon ki faɗa mini har ƙarshe.

Wassalam.

Mahaifinki,
Ashiru